Gyambon da Ke Bayan Baba Ɗantala

Talata, 8 ga Oktoba, ƙarfe ɗayan rana, cikin mota

Jiya da hantsi aka kwashi Baba Ɗantala daga gidan kula da tsofaffi zuwa asibiti. Wai zazzaɓi. Ina tsakiyar jera kwalaye a wurin aiki aka kira ni, na watsar da komai na hau titin Wendover, ban san yadda na isa ba. Mijina Josiah yana can Tennessee da tirela. Mahaifinsa ne, amma ni ce a kusa. Kullum ni ce a kusa.

Likitar ta ja ni gefe ta ce, “Ke ce 'yarsa?” Na ce matar ɗansa ce ni, sunana Jemimah. Ta ce tun yaushe muka san da abin da ke bayansa. Na ce wane abu? Ta daɗe tana kallona. Sannan ta haɗa hannuwanta biyu ta nuna mini faɗinsa, ya kai murfin ƙaramar tukunyata ta miya. Ta ce ya ci har ƙashi, kuma ya shiga jini.

Ta ce in zo in gani. Ban je ba.

Laraba, 9 ga Oktoba, da sassafe

Gyambon kwanciya. Sunansa ke nan. Na rubuta sau ɗaya, ya isa.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da la'asar

Tun bayan Ista yake gidan nan, tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ciwon ya tafi da hannu, ya tafi da ƙafa, ya tafi da Turancinsa kaf. Mutumin da ya yi hedimasta a Malumfashi, wanda ke gyara wa Fasto Turanci bayan wa'azi, ya koma ba ya iya cewa a ba shi ruwa sai da Hausa. Hankalinsa kuwa garau, ya fi nawa.

Ba ranar da ban je ba. Allah ne shaida, har ranar da motata ta mutu a titin Gate City na shiga bas. In tashi daga aiki in dama kunu in kai masa. In durƙusa daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa.

“Baba, ya jiki?”

“Da sauƙi, Maman Lucia. Ya aiki?”

In ba shi kunu da cokali. In ma'aikatan sun shigo da safar hannu, in tashi sumsum in fita baranda har su gama. Haka aka rene ni. Uwata ta tsufa a gidan miji ba ta taɓa ganin surukinta yana cin abinci ba. Ni da na kai cokali har bakin nawa, gani nake na yi abin da ba a taɓa yi ba a danginmu. Har alfahari na yi.

Ɗakin yana wari. Na sani, ba zan ce ban ji ba. Na ɗauka warin gidan ne, irin na tsofaffi da magani. Na je kanti na sayo turaren fesawa mai ƙamshin lemo, ina shiga sai in fesa a ɓoye kafin in gaishe shi, don kada ya ji kunya.

Asabar, 12 ga Oktoba, da hantsi

Josiah ya dawo. Ya shiga lokacin da ake wanke wurin, ya fito ya yi amai a kwandon shara.  Da muka iso gida ya zauna da takalminsa a ƙafa ya ce, “Kullum fa kina zuwa.” Shi ke nan abin da ya ce.

Kullum ina zuwa. Kai kuma sau nawa ka zo? Ban faɗa ba. Na shiga kicin na wanke kwanonin da na riga na wanke.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan sujada

An yi wa Baba addu'a a coci. Matan zumunta sun rungume ni ɗaya bayan ɗaya, ina jin idanunsu a ƙeyata. Wani dattijon ikilisiya ya ji Josiah na maganar lauya, ya matso da murmushinsa ya ce mu masu bi ba mu san kai ƙara ba, a bar wa Ubangiji. Shi da ya kai maƙwabcinsa ƙara kan itacen da ya faɗa masa a shinge. Na riƙe bakina don muna cikin ɗakin Allah.

Talata, 15 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Ofishin lauyan wani tsohon gida ne a gabashin gari, kusa da jami'a. Sunansa Desmond, baƙar fatar ƙasar nan ne, dattijo, ba ya gaggawar magana. Ya ce irin wannan aikin ya fi yi. Ya ce mutumin da ba ya iya juya kansa, ƙa'ida ce a juya shi duk bayan awa biyu, a duba fatarsa, a sauya masa shimfiɗa in ta jiƙe. Ya ce rami irin na Baba ba ya zuwa a kwana ɗaya, makonni ne na barin mutum a kwance yadda yake.

Na ji sanyi kaɗan. Ashe akwai masu laifi, kuma suna da suna.

Sai ya ce amma mu shirya. Gidan zai ce takardunsu sun nuna ana juya shi. Za su ce iyalinsa na zuwa kullum, ba wanda ya taɓa kuka da komai. Tunda Baba yana cikin hankalinsa, ba abin da zai yi sai Baba ya yarda, kuma sai ya ji daga bakinsa abin da ya faru a ɗakin nan in ba kowa.

Ya juyo gare ni, a hankali, ba da faɗa ba. “Ko sau ɗaya ba ki ɗaga bargon ba?”

Ta ina zan fara? Na ce a wurinmu matar ɗa ba ta ganin jikin surukinta, ko ƙafarsa ba a ƙura wa ido. Ya gyaɗa kai ya ce ya gane, kakarsa ma tana da irin nata dokokin. Ya ce shi ya gane, amma lauyoyin gidan za su so wannan amsar ƙwarai.

Laraba, 16 ga Oktoba, da safe

Ban je aiki ba. Na ce musu ciwon kai.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe biyun rana, cikin mota

Na je kwaso kayansa daga gidan. Lauya ya ce kada in sa hannu a komai, kada in yi musu da kowa. Shugabar gidan ta tarye ni da hannu biyu, har da ƙwalla. Ta ce suna ƙaunar iyalinmu, ba mu taɓa ba su matsala ba. Ta tuna mini dafa-dukan da na kai musu ranar hutun Yuli, da cincin, wai har yau ma'aikata na maganarsa. Tire biyu na kai, na durƙusa na gode musu da yadda suke kula mana da Baba. A lokacin wurin ya riga ya buɗe, in lissafin likita daidai ne.

A ɗakin, tsohon da ke gadon kusa da taga yana nan. 'Yarsa ma tana nan, mai bakin nan. Tun zuwanmu na tsane ta. Tana shigowa ko gaisuwa babu, sai ta yaye bargon ubanta, ta juya shi, ta leƙa ko'ina, ta duba dugadugansa, ta fita baranda tana ihu ina nas. Sau nawa na ce wa Josiah matar nan ba ta da tarbiyya, ko kunyar uban da ya haife ta ba ta ji. Yau ta yaye shi a gabana, ban kau da kai da wuri ba. Bayansa sumul, ko tabo babu.

Ta tambaye ni ina tsohona. Na ce yana asibiti. Ta ce, “Na so in yi miki magana, amma kullum kanki a ƙasa yake.”

Na samu gwangwanin turaren lemon a cikin durowarsa. Na jefa shi a shara, na dawo na ɗauke, na sake jefawa.

Asabar, 19 ga Oktoba, da yamma

Lauya ya zo asibiti da mai fassara ta waya, wani Bahaushe daga wata jiha. Mu muka fita. Ba a jima ba ya fito yana shafa kai. Ya ce duk abin da aka tambayi Baba sai ya ce lafiya lau, an kula da shi, ya gode. Daga nan ya koma tambayar mai fassarar ɗan wane gari ne, waye ubansa, ko ya yi aure. Ya ƙare da yi masa nasiha ya riƙa kiran gida.

Na yi dariya a baranda har hawaye, sai dariyar ta ƙi tsayawa, sai da nas ta kawo mini ruwa.

Litinin, 21 ga Oktoba, da hantsi

Zazzaɓin ya sauka, ya sake hawa.

Laraba, 23 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Yau Josiah ya gwada fassarar. Lauya ya tambaya sau nawa ake zuwa juya Baba. Kafin Baba ya buɗe baki Josiah ya amsa da Turanci, yana ɗaga murya, wai ba sa zuwa, mugaye ne, sai ya ga bayansu. Lauya ya ce ba amsarka nake so ba, tasa nake so. Josiah ya juya ya ce, “Baba, don Allah ka faɗa musu, just tell them,” sai murya ta ƙwace masa. Baba ya dubi silin ya ce, “Share fuskarka, kai ba yaro ba ne.” Bai ƙara ko kalma ba.

Lauya ya ce mana a waje ba ya son ya tsorata mu, amma ya yi magana da likita da izininmu. Ƙodar Baba ta fara gajiya. In akwai abin da zai faɗa, gara ya faɗa da wuri.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da azahar

Yaya Assibi, yayar Josiah, ta kira daga Kaduna. Josiah ya sa wayar a sifika don Baba ya ji muryarta. Ta gaishe shi, ta yi kuka, ta ɗauka an kashe sifikar. Ko kuma ba ta ɗauka ba, Assibi ce.

“Josiah, ni dai tambaya nake. Mace tana zuwa kullum, uba yana ruɓewa a gabanta, hancinta toshe yake? Da uban da ya haife ta ne za ta bari? Tun farko na ce kada a kai shi gidan Turawa, aka ce madam tana da shift a wurin aiki. To ga shift nan. Wallahi in Baba ya mutu, ta san inda za ta sa ƙafa, ba dai gidanmu ba.”

Ina tsaye riƙe da filas. Josiah yana ta laluben wayar kamar yau ya fara ganinta. Bai ce mata ki yi shiru ba. Wannan nake so in tuna, bai ce ba.

Baba idonsa a rufe. Na ɗauka barci yake.

Asabar, 26 ga Oktoba, da safe

Lucia ta tambaye ni da Turanci me ya sa nake kwana a ɗakinta. Na ce babanta na minshari.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da la'asar

Ban je coci ba. Na zauna a mota a filin ajiye motocin asibiti ina kallon ganye na zuba. Ina jin haushin gidan, ina jin haushin Assibi, ina jin haushin Josiah. Ina jin haushin Baba ma, Allah ya gafarta mini. Da sauƙi, da sauƙi. Wata da watanni yana ce mini da sauƙi.

Litinin, 28 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Baba ya ce wa Josiah a kira lauyan gobe. Ya ce Maman Lucia ce za ta yi fassara. Josiah ya ce, “Baba, ita?” Ya ce, “Ita. A ja labule tsakaninmu. Kai kuma ka zauna a waje.”

Na ce ba zan iya ba. Josiah ya ce ba shawara Baba ya kawo ba.

Talata, 29 ga Oktoba, da yamma, cikin mota

In ban rubuta yanzu ba, ba zan taɓa rubutawa ba.

An ja labulen nan mai shuɗi. Lauya yana ciki kusa da gado da na'urar ɗaukar murya, ni ina waje a kan kujera, takalman lauya kawai nake gani. Ya ce daga baya kotu za ta nemi mai fassara nata, yau dai yana so ya ji. Ya ce in faɗi abin da Baba ya faɗa daidai, kada in ce “ya ce”, in yi magana kamar ni ce shi.

Baba ya yi gyaran murya irin ta hedimasta. Ya fara da sunansa da na ubansa da garinsu. Sannan ya faɗa. Bai yi kwana-kwana ba, ya kira kowane wuri na jikinsa da sunansa, kalmomin da ban taɓa zaton zan ji a bakinsa ba. Ni kuma ina mayarwa da Turanci, da bakina, ina cewa ni.

Ni, ana barina tun safe har rana ta faɗi a gefe ɗaya. Ni, ina danna ƙararrawa har yatsana ya gaji, wata ta leƙo ta kashe ta tafi. Ni, na yi fitsari a kwance na kwana a ciki. Ni, da wurin ya fara zafi na nuna wa wata da hannu, ta shafa mai ta rufe, ba ta dawo ba. Sai sun ga yamma ta yi, sun san mai kunu na tafe, su zo su gyara mini fuska, su ja bargo har wuya. Sun lura ba ta taɓa bargo.

Nan na tsaya. Lauya ya ce in ci gaba in zan iya.

Ya tambaya me ya sa bai gaya wa iyalinsa ba. Baba ya sake gyara murya. Sai ya ce:

“Yarinyar nan takan tashi daga aiki ƙafarta a kumbure ta zo ta durƙusa mini. In dube ta in ce mata me? In ce ɗuwawuna ya ruɓe? Matar ɗana? Sai in danne bargon da hannuna mai aiki, in matse shi a jikina don kada warin ya kai gare ta. Na ga tana fesa turare don kada in ji kunya, ni kuma ina danne bargo don kada ta ji. Ka rubuta, ba ta gani ba don ni na ɓoye. Ka rubuta da kyau. A aika wa Assibi ta ji da kunnenta.”

Na fassara. Duka na fassara, har da ɗuwawun. Muryata ba ta karye ba sai a sunan Assibi, ban san dalili ba.

Lauya ya tambaya ko ya yarda a shigar da ƙara, a yi amfani da hotunan da asibiti ya ɗauka. Ya ce, “Wanda ke kan gadona a gidan can yanzu, shi ma ɗan wani ne. A shigar.”

Da aka gama na ce daga bayan labule, “Baba, sannu.” 

Laraba, 30 ga Oktoba, da hantsi

Lauya ya kira. Ya ce maganar Baba ta yi daidai da abin da likita ta gani, ƙararmu tana da ƙarfi. Ya ce za a daɗe, shekara ko fiye, kuma zai kai rahoto ga hukumar jiha don su je su duba sauran tsofaffin. Na ce to, mun gode.

Josiah ya kira Assibi ya faɗa mata. Ta turo mini saƙo, hannu biyu na addu'a, ba kalma ko ɗaya. Shi kuma ya dafa mini shayi ya ajiye a gabana ya tsaya kamar mai jiran canji. Na sha, don shayin bai yi mini laifi ba.

Alhamis, 31 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na kai ƙofar ɗakin Baba, Josiah ya fito ya tare ni. Ya kasa kallona. Ya ce Baba ya ce a gode mini, Allah ya yi mini albarka, ya albarkaci Lucia. Ya ce kuma a roƙe ni in daina shiga.

Na ce fushi yake? Ya ce a'a. Ya ce Baba ya ce bayan abin da kunnena ya ji, ba shi da idon da zai dube ni da shi.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da yamma

Na je. Na zauna a baranda. Na dawo.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da la'asar

Baba ya wanke ni a gaban danginsa, ya biya da abin da ya rage masa. Da na sani da na bar Assibi ta yi ta zagina har ta gaji. Ina kewarsa. Ina kewar “ya aiki” ɗin nan nasa, mutum ɗaya a ƙasar nan da ke tambayata yana jiran amsa.

Talata, 5 ga Nuwamba, da magariba

Josiah ya koma hanya jiya, kamfani ba ya jira. Likita ta ce ƙodar ba ta farfaɗo ba, mu fara sanar da na gida. Na sanar.

Yau ina zaune a baranda, ƙofar a buɗe kaɗan, wata sabuwar nas na ciki tana sauya ledar ruwa. Sai na ji muryarsa, ƙasa-ƙasa.

“Bayana. 'Yata, bayana na zafi. Juya ni.”

Nas ɗin ta ce masa komai lafiya, ya huta. Ya sake faɗa, da Hausa, da ƙarfi wannan karon. Na ji tana tattara kayanta za ta fito.

Ban shiga ba. Na miƙe na juya wa ƙofar baya, na ɗaga murya na ce da Turanci, “Bayansa na ciwo, yana so a juya shi, yanzu.” Ta leƙo ta ce wace ce ni. Na ce mai fassararsa.

 Ya san muryata. Na jira ya ce a kore ni.

Na ji ta kira wata, na ji gadon na ƙara, na ji nishinsa. Can sai ya ce, ba da ƙarfi ba, kamar da bango yake magana:

“A ce mata ta ƙara filo a ƙarƙashin gwiwa.”

Na ce mata.